Littafin da Bai Iso Kanta Ba

To, tunda an yi isha'i, shayi ya sauka, kuma mu ya mu ne, bari in amayar da abin da ke cina tun makon jiya. Hajiya, jawo kujerarki kusa, maganar ta shafe ki, don ke ce a sashen sayen littattafai. Malam, kai ma ajiye wayar nan tukuna, za mu zo kanta.

Ranar Talata wata yarinya ta shigo wurina, ba za ta wuce shekara 19 ba, da hijabi ruwan toka, riƙe da 'yar takarda da ta rubuta sunan littafi da na marubuciyarsa. Aikin makaranta aka ba su kan ƙagaggun labaran mata na yanzu. Na jawo akwatin kati, babu. Na duba kwamfuta, babu. Na tashi da kaina zuwa kantar adabin Hausa, ina bin littattafan da yatsa, ƙura tana bin hannun rigata. Ruwan Bagaja na nan, Shaihu Umar na nan, Magana Jari Ce kwafi huɗu, sai So Aljannar Duniya guda ɗaya da bangonsa ya fara ɓallewa. Daga nan shiru, kamar Hausawa sun ajiye alƙalami. Yarinyar ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, ai littafin ya yi tashe, har karanta shi ake yi mutane suna saurare." Wallahi kunya ta rufe ni. Sama da shekara 20 ina aikin laburare, ban taɓa jin sunan marubuciyar ba.

Washegari na bi ta Sabon Gari wurin masu littattafai. Akwai wani dattijo da muka daɗe da sabawa, na miƙa masa takardar. Ya gyara tabarau ya karanta, ya ce, "Malam, ai wannan bai taɓa shiga maɗaba'a ba. A waya yake." Ya shimfiɗa mini buzu, ya warware mini yadda abin ke tafiya. Marubuciya za ta riƙa sakin labari shafi-shafi a guruf na WhatsApp, farkonsa kyauta. In labari ya ɗau zafi, sai ta ce mai son ci gaba ya tura kuɗi ta banki, a saka shi cikin guruf na waɗanda suka biya. Wasu suna Wattpad, wasu kuma a YouTube ake karanta nasu. Ya nuna mini rumfarsa da haɓa: inda a da ake jere littafi na ɗaya, na biyu, na uku har sama, yanzu littattafan addini ne da na makaranta. Takarda ta yi tsada, in ji shi, masu shagon haya ma da yawa sun canja sana'a.

Kun san abin da ya fi damuna? Wannan ne karo na biyu da jirgi ya tashi ya bar mu.

Magabatanmu a wannan aiki sun samu sauƙi, don kusan ƙofa ɗaya ce, kuma tana Zariya. Hukumar Talifi ce ta shirya gasar 1933 da ta haifi Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Kamfanin Gaskiya ya zo a 1945, hukumar adabi ta NORLA ta yi zamaninta a shekarun 1950, kamfanin buga littattafai na NNPC ya biyo baya a 1966. Mai laburare in ya riƙe jerin littattafan Zariya, ya san kusan duk abin da aka buga da boko. Sai tsakiyar shekarun 1980 matasa, maza da mata, suka fara kai rubutunsu ƙananan maɗaba'u da kuɗin aljihunsu. Kano ta cika da su. Aka kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama, littafin Ado Ahmad Gidan Dabino, In Da So Da Ƙauna, ya karaɗe gari. Babu katalog, da yawansu babu lambar ISBN, wasu ko shekarar bugu ba a sa ba. Mu kuma, mu faɗa wa juna gaskiya, muka ɗaga hanci muka ce littattafan soyayya ne, ba na kanta ba. Farfesa Graham Furniss na SOAS a Landan ya tattara su, Farfesa Abdalla Uba Adamu ya tsaya musu a nan gida. Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu har a Indiya aka buga fassararsa ta Turanci a 2012. Ku faɗa mini, cikinmu nan wa yake da na Hausar a kantarsa?

Na ga kina girgiza kai, Hajiya. Na san za ki ce doka na nan. Tana nan: dokar Laburaren Ƙasa ta 1970 ta ce duk mai buga littafi ya kai kwafi 3, gwamnatin jiha 10, ta tarayya 25, kuma daga abin da aka kai ake tsara kundin littattafan da aka buga a Nijeriya. Amma matar da ta ɗauki adashinta ta buga littafi ba ta san da wannan doka ba, mu da muka sani kuma ba mu je mun gaya mata ba. Abin da bai shiga kundi ba, ba zai zo teburinki ba. To, ina ga wanda ko takarda bai hau ba?

Nan ne tsorona yake. Littafin takarda ko ya ɓace a kasuwa, wata rana za a tsince shi a ƙasan akwatin wata uwargida, shafukansa sun yi ja amma ana karantawa. Na waya fa? A sace wayar, ko a rufe guruf, shi ke nan. OkadaBooks, inda marubutan Hausa mata da dama suka riƙa sayar da labaransu, ya rufe a watan Nuwamba na 2023 bayan shekara 10 yana aiki. Wace laburare ce ta adana abin da ke ciki? Nan da shekara 30 wani ɗalibi zai zo yana neman sanin abin da matan Arewa suka rubuta game da aure da kishi da talauci a wannan zamani, wanda ya gaje mu ya buɗe hannu ya ce babu.

Maganar kuɗi kuma, Hajiya, ban musa miki ba. Na san yadda ake yi: ki rubuta jerin buƙata, a yi wata da watanni, ƙarshe ɗan kwangila ya sauke abin da ya kwana a sitonsa. Wannan ciwo ne na daban. Amma sanin cewa littafi ya fito ba ya buƙatar kasafi. Tun 2016 BBC Hausa take shirya gasar Hikayata ta mata, kowace shekara sababbin sunaye na fitowa. Mun taɓa rubuta su a wani wuri? A 2021 aka fara bikin littattafai da fasahar Hausa na HIBAF a Kaduna. Wa ya je a cikinmu? Ƙungiyoyin marubuta suna zaman karatu, ƙofa a buɗe. Ni dai a awa ɗaya kan buzun dattijon nan na samu labarin da ban samu ba a tarukan ƙara wa juna sani guda uku.

Malam, na ji ka. Ka ce akwai batsa a wasu, akwai rubutun da ko ƙa'ida babu. Akwai, ba na rufa-rufa. Ni ma ba zan ɗora kowane abu a kantar da 'yan sakandare ke zuwa ba. Sai dai ba a tankaɗe garin da ba a gani ba. A karanta, a zaɓa, wani ya hau kanta, wani a ajiye shi a ɗakin masu bincike. Kuma kada wani ya ce zai kwafo fayil ɗin mutane ya zuba a kwamfutar ofis. Guminsu ne, da shi wasu ke ciyar da 'ya'ya. A nemi marubuciya, a gaishe ta, a roƙi izininta a rubuce, a biya in da biya.

Ga abin da nake so mu yi, mu biyar ɗin nan. Kowane ƙarshen wata kowa ya zo da sunan littafi biyar da ya ji sun fito: suna, marubuci, na takarda ne ko na waya, inda ake samu, nawa ne. Mu haɗa a takarda ɗaya, mu tura wa abokan aikinmu na Katsina da Sakkwato da Gusau, har Maraɗi da Damagaram, su ma su turo mana nasu. Ni tuni na ajiye littafin rubutu mai bango ja a kan teburina, duk wanda ya nemi littafi ya rasa sai ya rubuta sunan littafin. Kwana shida ke nan, an cika shafi biyu, kuma yawancinsu hannun 'yan mata ne.

Dattijon ya haɗa ni da marubuciyar. Mun yi waya jiya bayan la'asar. Da na ce daga laburare nake, ta yi shiru, sannan ta ce, "Malam, da gaske nawa kuke nema?" Ta yarda a buga kwafi biyu a ɗinke su, ta sa hannu. Yarinyar za ta dawo ranar Alhamis.

Asabar zan koma Sabon Gari da hantsi. Hajiya, in Alhaji ya yarda ki zo mu je tare, ki taho da jerin buƙatun nan naki na bara mu nuna wa dattijon. Malam, zuba mini sauran shayin kafin ya huce.