Aikin Saman Inji: Fistan, Ringi da Amana

Mu makanikan babur ne, irin waɗanda a nan Gana ake kira fita, kuma mun yi shekaru muna aiki a rumfunan gyara na Zango. A wannan wata muna so mu tattauna da ku a kan aikin da ya fi kowane jawo gardama tsakaninmu da masu babur, wato buɗe saman injin babur ɗin daji mai bugu biyu, domin a sake masa fistan da ringi. Aiki ne da in an gama shi aka ɗaure noti, babu mai ganin abin da ke ciki. Mai babur ba ya da shaida sai maganarmu, saboda haka ya kamata ya san abin da yake biya wa kuɗi.

Baburan da muke nufi su ne masu dogayen ƙafafu, masu hayaƙi da ƙara, irin su Yamaha DT da Suzuki TS, da kuma uwa uba Yamaha AG100. Shi wannan AG an fito da shi a 1973 domin makiyayan tumaki na Ostireliya da Niyu Zilan, shi ya sa aka rufe masa sarƙa saboda laka, aka yi masa kariya gaba da baya. Da ya iso ƙasashenmu sai ya zama dokin malaman gona da ma'aikatan asibiti masu kai allurar rigakafi ƙauyuka. Yau baburan Sin da na Indiya masu bugu huɗu sun cika titunan Tamale da Bolga da Wa, amma har yanzu akwai tsofaffin masu bugu biyu a hannun 'yan'uwanmu fataken shanu da masu sayen hatsi da doya, waɗanda hanyarsu takan bar kwalta ta shiga daji.

Dalilin da ya sa suke riƙe da shi a fili yake. Injin mai bugu biyu ba shi da bawul, ba shi da sarƙar taimin. Ramuka ne a jikin silinda, fistan da kansa yake buɗe su yana rufewa: ta wasu fetur da iska su shigo, ta wani hayaƙi ya fita. Duk juyi ɗaya na kirankshaf wuta takan tashi sau ɗaya, alhali mai bugu huɗu sai ya yi juyi biyu. To amma wannan sauƙi yana da farashi. Fistan shi ne ƙofa, shi ne mai tsaron ƙofa, kuma ba ya iyo cikin baƙin mai kamar na mota. Ɗan man 2T da ke biyo fetur shi kaɗai ne abin da ke tsakaninsa da ƙarfen silinda. Idan inji yana juyi 6,000 a minti ɗaya, fistan yana hawa da sauka sau 100 a daƙiƙa guda. Ku duba irin wannan wahala, sannan ku yi masa uzuri in ya gaji.

Gajiyarsa ba ta ɓuya. Da safe sai an yi ta buga kik kafin ya tashi, kik ɗin kuma ya yi laushi a ƙafa. A hawan tudu da kaya sai ya riƙa nishi, ga wata 'yar ƙara kamar ana kaɗa cokali cikin gwangwani. A nan ne gardama takan fara. Mai babur zai ce, "Masta, sa mini ringi kawai, gobe kasuwa ce." Mu kuma sai mu ce, "Alhaji, bari mu buɗe tukuna, gani ya kori ji."

Kafin sifana ta taɓa noti, sai an wanke injin tas, domin yashin da ke maƙale a ƙarƙashin tanki jira yake a ɗaga silinda ya zuba ciki. Sai a cire salansa da kafireta da filogi, a kwance notocin kai kaɗan-kaɗan, wannan kusurwa sannan wadda ke fuskantarta. Da zarar silinda ta ɗago, abu na farko da muke koya wa yaro shi ne ya cusa tsumma mai tsabta a bakin ramin da kwanrod ya fito. Akwai wasu 'yan ƙananan kilif guda biyu da ke tare fil ɗin fistan, in ɗaya ya yi tsalle ya faɗa ƙasan inji, aikin yini ɗaya ya koma na tsaga inji gida biyu.

Daga nan sai karatun fistan. Tsohon fistan wasiƙa ce, kuma duk makaniken da ya jefar da shi bai karanta ba, zai sake ganin babur ɗin nan ba da daɗewa ba. Idan gefen da ke fuskantar kafireta ya dushe, ya yi siraran zane kamar an goge shi da yashi, to ƙura ce ta shigo. Idan gefen salansa ne ya kwarzane har alminiyam ya narke ya manne a silinda, to zafi ne ya yi yawa: ko mai ya yi kaɗan, ko iska tana satar hanya ta robar kafireta ko ta sil ɗin kirankshaf. Idan saman fistan ya ɓurme ko ya huje, sai a tuhumi filogin da bai dace ba, ko wutar da ke tashi kafin lokacinta. Idan kuwa ringi sun maƙale cikin baƙar dauɗa, to mai babur yana zuba masa baƙin man mota a maimakon 2T. Sai kuma mu kama kwanrod mu ja sama mu danna ƙasa. Ɗan motsi gefe da gefe ba laifi ba ne, amma in ya yi wasa sama da ƙasa, ciwon ya wuce saman inji, kuma wajibi ne mu faɗa wa mai shi tun kafin ya sayi fistan.

A ƙasashenmu ƙura ce babbar mai laifi. Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin hunturu, wanda ya bi jar hanya a arewa ya san abin da hancinsa yake shaƙa, kuma abin da injinsa yake shaƙa ke nan. Soson tace iska yakan tsufa ya ruɓe, wasu su cire shi gaba ɗaya wai don babur ya ƙara gudu. Soson nan ana wanke shi ne, a bar shi ya bushe, a jiƙa shi da mai a matse, domin man ne yake kama ƙurar. Wanda ya sa sabon fistan a bayan yagaggen soso, ya zuba ruwa ne a kwando.

Sai maganar awo, wadda ita ce zuciyar aikin. Faɗin silindar AG100 milimita 52 ne, na DT125 kuma 56. Ratar da ake bari tsakanin fistan da silinda ba ta wuce wajen milimita 0.04 zuwa 0.05 ba, wato ba ta kai kaurin gashin kai ba. Ana barinta ne saboda alminiyam ya fi ƙarfen silinda saurin kumbura in ya ji zafi. In ratar ta yi kaɗan inji ya kama, in ta yi yawa fistan ya riƙa dukan bango har siket ɗinsa ya tsage. Silinda kuma ba ta cinyewa daidai wa daida, takan zama kamar ƙwai. Sabon ringi mai da'ira ba zai zauna cikin rami mai siffar ƙwai ba, shi ya sa "ringi kawai" yakan zama kuɗin da aka jefa rijiya. Magani shi ne a kai ta wurin masu borin, irin waɗanda ke Suame Magazin a Kumasi, tare da sabon fistan a hannu, domin su yanka ramin daidai da shi. Fistan na ƙari yana zuwa mataki-mataki: 0.25, 0.50, 0.75 da 1.00. Muna roƙon masu babur kada su yarda a tsallake mataki ba dalili, domin kowane mataki rai guda ne na silinda. Baburan tsere na zamani kuwa silindarsu shafe take da wani siririn rufi mai tauri da ake kira Nikasil, ba a yi mata irin wannan borin.

Idan silinda ta dawo, sai a dasashe kaifin bakin ramukan da ƙaramin fayil, don kada ringi ya sarƙe ya karye. Sannan a wanke ta da ruwan ɗumi da sabulu, a yi ta gogawa da farin ƙyalle har ya daina yin baƙi, a shafa mata mai nan take. Fetur kaɗai ba ya fitar da garin dutsen borin. A tura ringi cikin silinda shi kaɗai a auna ratar bakinsa da ma'auni, wadda bisa ga irin inji takan kama daga milimita 0.2 zuwa 0.5.

Wajen haɗawa akwai ƙa'idoji da ba a sassautawa. Kibiyar da ke saman fistan ta dubi salansa. Bakin kowane ringi ya zauna a kan ɗan fil ɗin da ke cikin kwarinsa, in ba haka ba silinda ba za ta shiga ba, wanda ya tilasta mata kuma ya karya ringi. A sa sabon kilif, bakinsa yana duban sama ko ƙasa, da sabon ɗan boris na kan kwanrod, da sabon gaskit sama da ƙasa. A shafa 2T a kan komai. A ɗaure noti bi da bi, a gicciye, ba da ƙarfin tuwo ba. Idan babur yana da famfon mai, wanda Yamaha ke kira Autolube, a fitar masa da iska a tabbata yana turawa. Idan an cire famfon ana haɗawa a tanki, to a auna: mililita 30 zuwa 40 na 2T a kowace lita ta fetur. Awon ido ya kashe injuna da yawa.

Gardama ta biyu a kan kaya take. Kasuwa ta cika da fistan na jabu cikin kwali mai kyau da tambari. Araha ba ta ado. Shawararmu ita ce mai babur ya je da makanikensa wurin saye, ya riƙe kwalin, kuma bayan aiki ya karɓi tsohon fistan da ringinsa a hannu. Makaniken kirki ba ya jin haushin wannan. Mu ma kariya ce gare mu, domin zargi ya fi yawa a inda ba a ga komai ba.

Gardama ta uku ita ce haƙuri. Sabon fistan baƙo ne a ɗakinsa, sai sun saba. A tayar da inji ya yi ɗumi, a kashe ya huce sarai, a sake duba noti. A kilomita 500 na farko kada a murɗe totur har ƙarshe, kada a ɗora buhu biyu da fasinja, kada kuma a daɗe a kan gudu iri ɗaya. Sauri ya haifi nawa. Wanda ya ƙi ji, to ya tuna cewa inji ba ya kamawa a ƙofar gareji. Yakan kama ne a tsakiyar daji, da rana tsaka, kuma in tayar baya ta ƙulle ana cikin gudu, maganar ta wuce ta kuɗi ta koma ta rai.

Daga ƙarshe muna da kira ga iyaye da 'yan'uwanmu masu gareji. Yaranmu na Zango da ke shigowa sana'a yanzu sun fi sabawa da cire tsoho a sa sabo, domin kayan baburan yau suna da araha. Amma a kan injin mai bugu biyu ne yaro yake koyon awo, da tsabta, da neman dalilin ciwo kafin ba da magani, kuma wanda ya iya waɗannan zai ci abinci da su a kan janareta da injin yankan katako da injin kwalekwale na tafkin Bolta. In irin wannan babur ya shigo rumfa, a kira yara su tsaya su gani, a ba su tsohon fistan su karanta da kansu.

Allah ya sa albarka a sana'a, ya kai kowa gida lafiya. Sai wata mai zuwa.