Rabon Yau Na Yau Ne, Ƙawata

Ku matso kusa, 'yan'uwa, mu rage murya kada yaran su ji, don wannan hirar tamu ce, mu da muka mayar da falo aji, teburin cin abinci kuma ya koma na jarrabawa. Mu ne malamai, mu ne masu girki, mu ne alƙalan rabon faɗa a kan fensir guda, kuma idan an tashi daga makaranta malama ba ta da inda za ta gudu, tun da gidan ne makarantar. Waɗansunmu a 2020 muka faɗa ciki, lokacin da korona ta sa aka rufe makarantu, muka ɗanɗana muka zarce. Waɗansu kuɗin makaranta ne ya fi ƙarfin aljihu, waɗansu hanyar ce ba lafiya, wata kuma yaronta ne ke buƙatar a bi da shi a hankali. Gajiyar dai iri ɗaya ce, wadda ke sauka a gadon baya wajen ƙarfe 2 na rana, allo ba a goge ba, wake bai nuna ba. Uhm!

Amma tsakaninmu, ba gajiyar jiki ce ta fi damunmu ba ko? Wannan bushewar ce ta can ciki. Da safe ke ce kika koya musu ayar haddacewa, har da tafi da rausaya, su sun riƙe, ke kuwa ko ƙofar zuciyarki ba ta taɓa ba. Dare ya yi ki durƙusa bakin gado da niyya mai kyau, ki fara gode wa Ubangiji don wannan yini, sai ki farka ƙarfe 1 na dare gwiwa ta sage, zanen gado ya yi miki shaida a goshi, amin ɗin ma ba a kai gare shi ba. Kar ki sunkuyar da kai, Maman biyu, duk mun yi, hahaha!

Ni abin da ke sanyaya mini rai shi ne labarin Iliya a 1 Sarakuna sura 19. Mutumin nan jiya-jiya ya roƙi wuta ta sauko a Dutsen Karmel, yau saƙon sarauniya Yezebel ya kore shi, ya bar baransa a Biyasheba, ya yi tafiyar yini guda cikin jeji, ya zube ƙarƙashin wani ɗan itace yana cewa shi kam ya gaji, a ɗauki ransa. Ku lura da abin da Allah ya fara yi masa. Bai yi masa faɗa ba, bai tambaye shi ina bangaskiyarsa ta tafi ba. Ya bar shi ya yi barci, mala'ika ya tashe shi, ga gurasa da zafinta ga tulun ruwa a wajen kansa. Ya ci, ya sha, ya koma ya kwanta. Aka sake tashinsa ya ƙara ci. Maganar sai daga baya, can a Horeb, bayan tafiyar kwana 40. To, idan annabi sai da aka cika masa ciki kafin a yi magana da shi, ina ga mu da karin kumallonmu ragowar kunun auta ne, a tsaye ma? Wani lokaci, ƙawata, abin da muke kira sanyin ruhu yunwa ce da rashin barci. Allah sarki.

Sai kuma zancen manna a Fitowa sura 16, wanda ni a ganina don iyaye mata aka rubuta shi. Kowace safiya a fita a tsinto mudu guda don kowane mutum, rana ta yi zafi ta narke. Masu dabara da suka ɓoye ta gobe, gari ya waye ta yi tsutsa tana wari. Rana ta shida kaɗai aka yarda a ɗebi ninki biyu saboda Asabar, kuma haka suka rayu shekara 40. Mu kuwa so muke mu ɗebo na mako guda a sujadar Lahadi, mu yi ta gutsura har Asabar, shi ya sa ran Laraba ana cikin lissafin rabawa sai murya ta haura, maƙwabta su san an shiga darasi. Ba a yi mana alkawarin ƙarfin wata guda ba, na yau aka ba mu, gobe a sake fita da kwano. Ni wannan sauƙi ne ma, tun da ba sai na ɗauko damuwar jarrabawar baɗi na aza a kan Talatar nan ba.

Kun san Susana Wesli? Yayarmu ce a wannan aiki, can a Ingila, a wani gari Epworth. An haife ta a 1669, ta haifi 'ya'ya 19, tara suka rasu tun suna jarirai. Mijinta fasto ne, bashi ya taɓa kai shi kurkuku a 1705, a 1709 kuma gobara ta cinye gidan, aka zaro ɗanta John ta taga yana ɗan shekara 5. Cikin wannan duka tana koyar da yaranta awa 6 a rana, daga ƙarfe 9 zuwa 12, a dawo 2 zuwa 5. Ta kafa doka cewa 'ya mace ba za ta koyi ɗinki ba sai ta iya karatu sosai, kowane yaro kuma ta ware masa lokacin hira da ita shi kaɗai a mako, na John daren Alhamis ne. Shi ne ya zama jagoran Methodist, ƙanensa Charles ya rubuta waƙoƙin sujada fiye da 6,000. To, ana ba da labari cewa idan tana son yin addu'a, ɗaki bai samu ba, sai ta zauna a kujera ta ɗaga rigar girkinta ta lulluɓe kai, yaran duk sun san Mama tana magana da Allah, kowa ya kama kansa. Ku yi tunanin namu yaran, da an lulluɓa sai ki ga ido biyu sun leƙo ta ƙasa, “Mama, ɓuya ake yi? Ni ma zan shiga!” Wayyo cikina!

Ai ko Yesu bai tsira ba. A Markus sura 1 ya sulale tun da duhu zuwa wurin da ba kowa don ya yi addu'a, almajirinsa Saminu da sauran suka bi sawunsa har suka tono shi, wai mutane na nemansa. Wanda aka yi wa haka ya san yadda ake ji idan an ƙwanƙwasa miki ƙofar banɗaki ana kiran Mama.

Don haka mu daina jiran awa guda ta shiru wadda ba za ta zo ba sai yaran sun yi aure. Aya ɗaya a rubuce jikin bangon kicin, ki riƙa juya ta kina juya tuwo. Baiti ɗaya daga littafin waƙoƙi lokacin shanya. Minti biyar bayan abincin rana, kowa da littafinsa a kan tabarmarsa, ke kuma gyale a ka. Za su leƙo a makon farko, daga baya su saba. Ranar da rai ya ɓaci kuma a rufe littattafai a fita tsakar gida, lissafi ba zai tsere ba.

Abu ɗaya nake roƙonmu: kada kowa ta haɗiye nata ita kaɗai. A Zumuntar Mata akwai wata da ke zama kusa da ke, ita ma da alli a gefen zane. Ki kira ta yau ki ce kin gaji, ku yi dariya, ku yi addu'a ko ta waya ce. Sannan ki ci abinci a zaune, ki kwanta da wuri, kwanonin su jira safiya.