Kwana Uku Kacal

Ranar Litinin na aika da maƙalata, ranar Alhamis amsa ta zo: an karɓa, babu gyara ko na wasali ɗaya, sai dai in biya dalar Amurka 150 kafin a buga. Na yi murna, ba zan ɓoye ba. Wata takwas na yi ina tattara karin magana daga bakin tsofaffin mata a ƙauyukan Damagaram. Ga shi kuma takardun neman ƙarin girma da zan miƙa wa CAMES, hukumar da ke tantance malaman jami'a a ƙasashenmu masu amfani da Faransanci, saura maƙala ɗaya su cika.

Da dare na sake buɗe abin da na aika. A shafi na huɗu na tarar na maimaita sakin layi guda sau biyu, a jere. Duk wanda ya karanta sai ya gani. Ashe ba wanda ya karanta.

Ƙa'idar mujallar ilimi ita ce edita ya miƙa aikinka ga masana biyu ko uku na fannin, su tsefe shi, su dawo da hukunci. Wannan ba ya yiwuwa cikin kwana uku. A 2013 ɗan jarida John Bohannon ya gwada irin waɗannan mujallu: ya ƙirƙiri binciken ƙarya kan maganin sankara, ya cika shi da kurakurai da gangan, ya aika wa mujallu 304. Guda 157 suka karɓa. Abin da ya fi yi mini ciwo, sunayen marubuta da cibiyoyin da ya ƙaga duk ya jingina su ga Afirka.

Wani abokin aikina ya ce, "Malam, biya kawai. Wa zai bincika?" Wataƙila ba kowa. Amma tsofaffin nan sun ba ni maganarsu ne don a adana ta inda za a yarda da ita, kuma ni ne gobe zan tsaya gaban ɗalibai ina yi musu faɗa kan satar rubutu.

Na janye maƙalar, na kai ta wata mujallar. Wata goma sha ɗaya ta yi a can, zaman tantancewar shekarar ya wuce ni. Ɗaya daga cikin masu dubawar ya cika shafi uku da gyara, har ya nuna mini karin magana biyu da na fassara ba daidai ba. Na koma wurin tsohuwar da ta ba ni su, ta yi dariya, ta ce mutumin nan ya fi ni jin Hausa.