Tsakanin Koren Kaki da Fari

Wanda bai taɓa zaman bariki ba gani yake soja soja ne, na ƙasa da na ruwa da na sama duk abu guda, tunda gwamnati ɗaya ke biyansu. A garinmu ma haka aka ɗauka. In na je hutu Kaugama sai ka ji wani dattijo ya ce, "Kofur, me ya hana ka koma wajen masu jirgin sama? An ce su ba sa kwana a daji." A ganinsa abin bai wuce canjin mota a tashar Malam Madori ba.

Alhali gida uku ne, kowanne da babban hafsansa, da lambar da yake ba yaransa, da makarantunsa, da layinsa na ƙarin girma. Ni ta Difo na Zariya na shiga, can aka aske mini kai aka ba ni lambar sojan ƙasa. Na ruwa a Onne ta jihar Ribas suke horar da kuratansu, na sama kuma a Kaduna. Masu shirin zama hafsoshi ne ke haɗuwa a NDA, wadda aka buɗe a 1964, su ma kafin su fito kowa ya san gidansa.

Na haura shekara goma a aiki, da igiya biyu a hannu, aka tura mu yankin Tafkin Chadi. Wanda bai je ba zai zaci wani makeken ruwa ne shimfiɗe. Ina! Tumbuna ne, wato tsibirai, birjik, tsakaninsu ciyawa ta fi mutum tsayi, hanyar da ka bi jiya yau iska ta turo ciyawa ta toshe ta. Sojan ruwa suna da sansani a Baga, wani lokaci a haɗa mu fita da su. Yara ne ƙwararru, sun san inji, sun san teku da fadamun Neja Delta, amma wannan ruwan ba irin nasu ba ne. Tafiya kaɗan farfela ta naɗe ciyawa, inji ya mutu, a tsaya cirko-cirko a inda bai kamata a tsaya ba ko na minti ɗaya.

Ni kuwa a irinsa na tashi. Ƙauyenmu yana gangaren fadamar kogin Haɗeja, ta wajen iyaka da Auyo, kuma tun ina yaro kachalla ta cinye hanyoyin ruwanmu, bayan madatsun Tiga da Challawa sun sauya wa kogin tafiya. Rannan da inji ya sake mutuwa, sai na nemi izini na ɗauki gora na tsaya a bayan jirgin. Inda ganyen bado ya kwanta lumui na san ruwa a tsaye yake, laka ce a ƙasa. Inda kan ciyawa ya karkata gefe guda, akwai ɗan gudu a ƙarƙashi, nan hanya take. Ka soka gora ka saurari hannunka: in ta nutse ta riƙe, kauce, in ta daki yashi, tura. A haka muka fita.

Laftanar ɗin da ke jagorantar jirgin ya dube ni ya ce, "Kofur, kai ɗan ina ne?" Na ce, "Jigawa, yallaɓai." Ya ce, "Jigawa akwai ruwa?" Na ce masa ruwan da muke kai ma da na garinmu a ciki, domin kogin Haɗeja yakan haɗu da na Jama'are su zama Komadugu Yobe, ya bi ta Gashuwa da Gaidam da Damasak ya zubo tafkin. Ya yi dariya, ya ce ana asarata a sojan ƙasa, wajensu na dace.

Maganar nan ta shige ni, kuma ba son ruwa kaɗai ya sa ba. Na gaji. Na binne abokai, na ga yadda waya daga gida ke zuwa da muryar mace da ta kwana ba barci. Ga farin kaki, ga anini a kafaɗa, domin a lokacin na riga na kammala digiri a Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, karatun da na yi a daddafe tsakanin gadi da fareti. A 2021 kuma aka ji sojan ruwa za su kafa cibiya a Kano, wadda ta zama kwalejinsu ta Dawakin Tofa. Mutane suna ta barkwanci wai a Tiga za a ajiye jiragen, ni kuwa lissafi nake: daga can zuwa gida tafiyar wuni ba ta kai ba.

Na sami akawun bataliyarmu, wani saje da ya tsufa cikin fayil. Bai ɓata mini lokaci ba. Ya ce shi dai tunda yake bai taɓa buga takardar da ta ɗauki ƙaramin soja daga wannan gida ta kai shi wancan da igiyarsa ba. Hanyar da ya sani ita ce in nemi sallama, in an ba ni in zama farar hula, sannan in cike fom ɗin gajeren kwas na hafsoshi da sojan ruwa ke yi wa masu digiri da babbar difloma, in shiga layi da dubban yaran da suka gama bautar ƙasa. Akwai iyakar shekaru, ni kuma ina bakinta.

Na ce masa ai an taɓa yi. Ya ce ƙwarai, amma duba su wa aka yi wa. Da aka kafa sojan sama a 1964, Jamusawa ne suka fara riƙe ta. Da suka tafi, George Kurubo da ya karɓa a 1966 daga sojan ƙasa aka ɗauko shi. Shittu Alao da ya gaje shi, wanda ya rasu a haɗarin jirgi a 1969, shi ma can ya faro, haka Emmanuel Ikwue. Sai a 1975 John Yisa-Doko, wanda ya tashi a gidan, ya hau kujerar. Sabon gida ne ba manya, dole aka yi aro. Daga baya na ji ko a Amurka haka ne: a 2004, da yaƙin Iraƙi ya ci mutane, suka buɗe wa na ruwa da na sama ƙofar komawa sojan ƙasa da muƙaminsu. Ƙofar nan buƙatar gwamnati ke buɗe ta, ba gajiyar kofur ba. Ranar da suke nemanka har takarda za su biyo ka da ita, ranar da kai ke nema kuwa sai dai ka haura katanga, abin da ya same ka kai ka jiyo.

Da na samu fas na kawo maganar gida. Inna ba ta bari na kai aya ba, ta ce ita ruwan da ba a hango gaɓarsa ba ta yarda da shi ba. Baba ya fi ta sanyi. Ya tambaye ni albashin wata nawa zan yi babu tsakanin ajiye wannan da samun wancan, na ce ba a sani ba sai sunaye sun fito. Ya ce, "In ba su fito da naka ba fa?" Na yi shiru. A shekarar ni ke sayen taki, ni ke biyan kuɗin makarantar ƙannena biyu, ambaliyar 2020 kuma ta riga ta kwashe shinkafar da muka sa rai da ita. Ya ce, "To ka ji. Kada ka yi saki na hannu kama na guje." Maiɗakina ce kaɗai ta ce in gwada, ko ɗinki ne za ta riƙe mu da shi. Har yau ina ganin girmanta a kan wannan.

Akwai kuma abin da ba ya shiga fayil. A sojan ƙasa ina da 'yan kwas ɗinmu na Difo warwatse a kowace runduna. In albashi ya maƙale na san wanda zan kira, in aka tura ni baƙon wuri akwai mai ba ni katifa, manyan da suka ga aikina a daji suna iya sa baki ranar ƙarin girma. Shekaru ne suka tara mini wannan, kuma ko an ɗauke ni a can, a bakin ƙofa zan ajiye shi.

Ban nemi sallama ba. Sajen nan ne ya tuna mini cewa sojan ƙasa ma suna da nasu ruwan: akwai makarantar horon yaƙin ruwa da tudu a Kalaba. Na nemi kwas ɗin, takardar ta yi ta kwana a teburori har na fid da rai, sannan ta fito. Na je na koyi inji da taswira a kan abin da gora ta koya mini, na dawo aka ba ni jirage da yara. Igiya ta uku ta zo a kan lokacinta.

Wani ɗan kwas ɗinmu, mutumin Gumel, shi ya yi ƙundumbalar da na kasa. Ya ajiye, ya yi kusan shekara yana sayar da riɗi a Maigatari, sunansa ya fito. Kwanakin baya aiki ya haɗa mu, yana cikin farin kaki, na ƙame na sara masa a gaban yarana. Ba zan ɓoye ba, abin ya sosa mini rai, har dare ina juyi. Da muka keɓe ya ce, "Haba mutumina, bar wannan." Muka zauna cin kifi, ya shiga ba ni labari: yaran da ya girma da shekara bakwai su ne sa'o'insa a muƙami, suna kiransa Baba, ga shi an ajiye shi a ofishin kaya a Legas, tunda ya koma bai taka jirgi ba. Ya tambaye ni ko har yanzu ina fita tumbuna, na ce jibi ma za mu fita. Ya ce in akwai wuri a jirgin in sanar da shi, zai nemi izini.