Jitar Bas Ta Farko: Hannu Ke Zaɓe, Ba Ido Ba

Mu da muka tashi a Tamale ba baƙi ba ne ga amo mai zurfi. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon bikin Damba ya san cewa lunga, kalangun Dagombawa, ita ke kirari tana jero sunayen kakanni, amma gungon, babbar gangar da ke biye da ita, ita ke riƙe da ƙafar mai rawa. Aikin jitar bas ke nan a kiɗan zamani. Ba ta cika fitowa gaba ba, sai ranar da aka rasa ta ake jin waƙa ta zama miyar da ba gishiri.

Tun da mawaƙa irin su Fancy Gadam da Maccasio suka fara cika filin wasa na garin nan, ƙannenmu da yawa suka shiga sha'awar kiɗa, kuma mukan sha tambaya daga gare su: wace jita zan fara saya? Ba ma ɗaukar tambayar da wasa. Yaron da ya yi wata da watanni yana tara sidi daga tuƙin babur mai ƙafa uku, sau ɗaya zai yi wannan sayayya, sau da yawa ma iyayensa ba su gama amincewa da harkar ba. Idan ya faɗa kan jita marar kyau, yatsunsa za su yi ciwo, amon zai fito a gurɓace, shi kuwa ba zai zargi jitar ba. Hannunsa zai zarga, ya ce Allah bai ba shi baiwar ba, ya jingine ta a bayan ƙofa. Mun ga masu basira da suka bar kiɗa ta wannan hanya.

Abin da muke fara faɗa musu shi ne su tsaya kan mai tsirkiya huɗu. Haka Leo Fender ya ƙera Precision Bass a Amurka a 1951, kuma har yau huɗun sun ishi mai koyo. Mai biyar tana da faɗin wuya, tana wahalar da sabon hannu. Sai tsawo: yawancin jitocin bas tsawon tsirkiyarsu inci 34 ne, amma akwai gajeru masu inci 30, waɗanda suka fi dacewa da yaro ko mai gajerun yatsu. Gara kuma a nemi wadda ba ta aiki da batir, domin mai batir takan yi shiru a tsakiyar biki ba sallama.

Abu na biyu shi ne wanda bidiyoyin intanet ba sa faɗa, wato yanayin garinmu. Yawancin kayan nan daga Akara ko Kumasi ake kawo su, inda iska ke da laima. Da sun iso nan suka haɗu da hunturun Disamba da Janairu, sai katakon ya bushe ya tsuke, wuyan ya lanƙwashe, bakin ƙarafan da ke jere a kansa ya fito yana yankar yatsa. Don haka mai saye ya ɗaga jitar, ya kai idonsa daidai gindinta, ya dubi wuyan kamar mai duba miƙewar sanda. Ya danna kowace tsirkiya daga sama har ƙasa yana sauraron ko tana kaɗawa a kan ƙarfe. Ya tabbatar sandar ƙarfen da ke cikin wuyan tana juyawa, domin da ita ake miƙar da shi idan ya karkace. Jitar gwanjo da ta riga ta sha hunturu biyu a Tamale ba ta lanƙwashe ba, ta fi mana sabuwa mai ƙyalli da ba a san halinta ba.

Suna yana da amfaninsa. Yamaha da Squier da Ibanez suna yin masu sauƙin kuɗi da za a iya dogara da su, sai dai ana manna waɗannan sunaye a kan jabu. Kada kuma a zuba kuɗin duka a kan jita a manta da na'urar ƙara sauti, domin bas ba ta da murya sai da ita, kuma ƙaramar sifikar da ba a yi don ita ba takan fashe.

Mafi muhimmanci, kada ɗan koyo ya je ciniki shi kaɗai. Ya nemi wanda ya daɗe yana kaɗawa, a coci ne ko a ƙungiyar masu kiɗan biki, ya raka shi. Haka iyayenmu suka yi: ba a barin yaro ya zaɓi ƙoƙon goge ko fatar kalangu sai da maigidansa a gefe. Shi zai kaɗa a ji, sannan ya rataya wa yaron a kafaɗa, ya bar shi tsaye na ɗan lokaci. Idan nauyin bai karya masa wuya ba, yatsunsa kuma suka kai inda ake so ba da wahala ba, to a biya kuɗi.

Allah Ya sa albarka a hannun masu koyo.