Cin abinci a Alƙahira: a fara duba agogo

Wanda zai kwana huɗu a Alƙahira karo na farko, sau goma sha biyu kacal zai zauna gaban akushi. Na lura yawancinmu a otal muke ƙarar da rabin wannan dama, don tsoron ɓacin ciki. Ragowar kuma mu damƙa wa jerin "wurare goma mafi daɗi" na intanet, wanda bai san cunkoson birnin da ya haura mutum miliyan 20 ba.

Ni da agogo nake fara tsarina, domin kowane abinci a Masar da lokacinsa. Ful, wato babban wake da ya kwana yana dahuwa a tulun ƙarfe, abincin safe ne. Haka ma ta'amiyya, 'yar'uwar ƙosai, wadda daɗinta yana ga fitowarta daga mai. Babban abincin yini sai wajen la'asar ake zama a kansa, na dare kuwa har bayan ƙarfe goma ana ci. Mai neman tuwon azahar da ƙarfe ɗaya zai samu, amma shi kaɗai zai ci, ba zai ga gidan da Misirawa ke cikawa ba. Layinsu kuwa shi ne shaidar da na fi yarda da ita: tukunyar da ke saurin ƙarewa ba ta ajiye kwantai.

Bayan lokaci sai unguwa. Ranar da zan zaga Tahrir, koshari nake ci a Abou Tarek da ke titin Champollion, tafiyar ƙafa ce: shinkafa da taliya da wake, miyar tumatir da soyayyar albasa. Harshen Bahaushe zai ji salam sai ya nemi shatta, yajinsu. Ranar Azhar da kasuwar Khan Khalili, a can zan nemi tattabarar da aka cusa wa ɗanyar alkama, in sha shayi a Fishawy.

Zama ɗaya nakan bari ba tsari, saboda mulukhiyya. Lalo ce, irin tamu, sai dai an yanka ta sala-sala an ƙamshe ta da tafarnuwa. A gida aka fi iya ta, don haka idan wani Bamisire ya gayyace ka, soke duk abin da ka rubuta. In an kawo karkade, zoɓo ne.