'Yar Tsanar Gwanjo A Kasuwar Minna

Jirgin ƙasa ne ya gina Minna. Kafin layin dogo na Baro zuwa Kano ya ratsa ta a cikin 1911, ƙaramin gari ce na Gwarawa a kan duwatsu, amma da layin Ikko ya zo ya haɗu da shi a nan, sai fatake suka yi ta kwararowa. A cikin 1976 kuma ta zama hedikwatar Jihar Neja. Tun daga zamanin nan ba ta rabu da baƙon kaya ba, illa dai yanzu manyan motoci ne ke kawo mafi yawansa.

Duk wanda ya shiga Kasuwar Kure, wadda aka sa wa sunan tsohon Gwamna Abdulƙadir Kure, ya nufi wajen 'yan gwanjo, zai tarar da kayan wasan yara a zube. A cikinsu akwai 'yan tsana na roba mai taushi, watau binil, waɗanda 'ya'yan Turawa suka gama yayinsu. Wata gira ta goge, wata leɓe ya koɗe, wata kuwa an yi mata zane da biro a goshi. A da, da kara ko ƙashi ko yumɓu yarinya kan haɗa 'yar tsanarta, ba ruwanta da fenti. Ta roba kuwa fuskarta ce kuɗinta, saboda haka mai neman riba sai ya sabunta ta.

To, a nan gizo ke saƙa. Ba a ɗora sabon fenti a kan tsoho, don ba ya zama. Masana wannan sana'a sukan tsoma auduga cikin asiton, ruwan nan da mata ke goge jan farce da shi, su shafa a ido ko leɓe sau ɗaya, su yar, su ɗauki sabuwa, domin audugar da ta ɗauki launi tana mayar da shi cikin robar. Ba a barin ruwan ya jima, ba a kuma bari ya taɓa gangar jiki in ta busasshiyar roba ce, don yana cinye ta. Sa'an nan a wanke da sabulu, a shanya a inuwa, kana a zana da fentin da ake damawa da ruwa, wato akirilik. A fili ake aikin, nesa da wuta, gama asiton na kamawa kamar fetur.

Mai gaggawa kuwa yakan kankare da reza ko samfefa, ya shafa ragowar fentin ƙofa ko na mota. Irin wannan ba ya bushewa sosai a kan binil, sai fuskar ta yi ta danƙo. Mafi muni, fentin mai yakan zo da dalma a ciki. Amurka ta hana irinsa a gidaje da kayan wasa tun 1978, amma duk da haka a 2007 sai da kamfanin Mattel ya janye kayan wasa kusan miliyan ɗaya da aka ƙera a Sin saboda dalma. Kankarewa na mai da tsohon fenti ƙura, 'yar tsana kuwa a bakin yaro take kwana.

Mutanen Neja sun san dalma. A 2015 gubarta ta kashe yara 28 a Ƙaramar Hukumar Rafi, shekara biyar bayan ta hallaka fiye da 400 a Zamfara. Duwatsun zinariya da ake niƙawa a ƙauyuka ne suka jawo waɗancan, amma gubar ɗaya ce da ta fenti, kuma kaɗan daga cikinta ya isa ya dakushe ƙwaƙwalwar yaro.

Ido ba ya ganin dalma, amma yana iya gane mugun aiki. Uwar da ta je saye, ta shinshina, ta murza fuskar da jiƙaƙƙen tsumma. In ta ji warin fetur ko danƙo, ko launi ya biyo tsumman, to, ta ajiye ta nemi wata, ko da mai koɗaɗɗiyar fuska ce.